Rijiyar Da Ba Ruwa

Ranar da Yaya Shitu ya zame a bakin banɗaki
na zura hannu ƙarƙashin hammatarsa,
na ja, na ja,
sai ga mu duka biyu a ƙasa, muna dariya
irin wadda ake yi don kada a yi kuka.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga biro a ofishin kuɗi.
Ashe biro ba ya gina dantse.

Na nufi shagon Ɗan'azumi, can wajen Ƙofar Ƙaura,
inda ƙarafa ke tsaye kamar raƙuman da aka ɗaure.
Yaron shago ya dubi furfurata, ya dubi tumbina,
ya ce, "Baba, ƙirji kake so ko kafaɗa?"
Na ce, "Mutum nake so in ɗauka."

Ta farko baƙa ce, mai kujeru biyu,
igiyoyinta sun fi saƙar gizo-gizo.
Kuɗinta ya sayi bijimi har da turkensa.
Na zaro zaren da na auna ɗakin baya da shi,
taku bakwai a tsaye, biyar a kwance,
ban da kusurwar da Lantana ta jera buhunan gero.
Zare ya ƙare, inji bai ƙare ba.

Ta biyu da wuta take aiki,
tana ƙirga maka numfashi, tana yaba maka da Turanci.
Na ce, "Yaro, a unguwarmu wuta baƙuwa ce,
ba ta kwana biyu a jere."

Ya kawo robobi, ja da kore da ruwan ɗorawa,
wai ko a aljihu sa shiga.
Na ja ɗaya, ta kuɓuce, ta mare ni a kunne.
Yaron ya juya baya yana tarin ƙarya.

Can a lungu, bayan kwalaye,
na hango wata siririya, fentinta ya fara ɓarewa:
ƙarfe ɗaya a tsaye, ɗan gargare a sama,
waya ta ratso shi, farantan ƙarfe jere a ƙasa,
sai ka soka ƙusa inda ƙarfinka ya tsaya.
Na kama sandar, na jawo.
Jikina ya riga ni gane ta.

Ai guga ne!
Rijiyar gidanmu ta Rafin Daɗi, gaba goma sha biyu,
ina ɗan shekara tara, igiya na cin tafina,
Shitu a bayana yana cewa,
"Da baya ake ja, ba da hannu ba.
Kafe ƙafarka. Kada ka leƙa."

Na girgiza ta in ji ko tana rawa.
Na bi walda da yatsa, gaɓa-gaɓa.
Na tambayi inda ake samun waya in ta tsinke.
Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya ce albarka,
sai da aka kira la'asar muka shirya.
A kurkura muka kawo ta, kanta a waje,
yaran layinmu na bin mu, wai Malam ya sayo injin markaɗe.

Yanzu kullum bayan asuba
nakan turo kujerar Shitu bakin ƙofa.
Shi ke ƙirga mini, da bakinsa da ciwo ya karkatar,
in ya kai takwas sai ya koma shida.
Na san da gangan yake yi.
Ina ja, ba na fito da komai,
ruwan rijiyar nan daga goshina yake zubowa.

Likita ya auna shi ran Talata.
Na zo gida na lissafa:
nauyin Shitu faranti tara ne.
Ƙusata tana na biyar.

Jiya ya daɗe yana kallona,
yana kokawa da harshensa,
har kalma biyu suka fito.
Ya ce, "Da baya."