Littafin Ma'aji

Ni ne ma'ajin 'yan ƙwallon gora na Ƙauran Namoda.
Ba albashi, ba alawus,
sai littafi mai shuɗin bango
da gwangwanin madara a ƙarƙashin gado.

Daren Alhamis na zauna lissafi, fitila tana gyangyaɗi.
Mu talatin da ɗaya ne a takarda,
sha tara suka biya kuɗin wata.
Lawali ya ce sai ya sayar da wake.
Mainasara ya rantse ya turo ta waya,
har yau wayar ko tari ba ta yi ba.

Abin da ya shigo: dubu tara da ɗari biyar,
sai dubu biyar na Hajiya Kulu mai atamfa,
uwar mai tsaron gidanmu.
Ta ce a sayo masa makarin ƙwauri,
kada a maido mata ɗa yana ɗingishi.

Abin da ya fita, nan gizo ke saƙa.
Kafinta ya ɗaure sanduna uku da suka tsage,
dubu biyu da ɗari huɗu.
Farar ƙasar shata fili, ɗari takwas,
ruwan sama ya lashe ta kafin Asabar.
Man motar Gusau, dubu goma sha biyu.
Aka ci mu uku da nema,
gidan mai bai rage ko kwabo don an ci mu ba.

Ƙanƙara ta ɗari uku, don idon sawun Nafi'u.
Yana zaune ya nuna mani a wayarsa
wata ƙasa inda ake wasan nan a kan ƙanƙara,
fili guda, fari fat, mutane na sulɓi.
Na ce, yaro, danna taka da kyau,
tamu ke nan ta bana, ga ta tana ɗiga a leda.

Na haɗa, na cire, na sake:
ramin dubu ɗaya.
Kuɗin Hajiya kuwa sun bi motar Gusau.

Na cike ramin, na rubuta: daga wani bawan Allah.
Saratu ta san bawan Allahn,
miyarta ce ta kwana biyu ba nama.

Gobe bayan Juma'a zan karanta masu a gindin maina.
Wani daga baya zai ce ma'aji ya yi ƙiba,
a yi dariya, ni ma in yi.
Yanzu dai miƙo mani almakashi, Saratu,
da kwalin sabulun nan mai kauri.
Sai na auna ƙwaurin yaron Hajiya
kafin ta biyo ta fili ta gani.