Asabar a Tawa

Yau kwana arba'in da biyu
tun da motar Filibus ta dawo babu Filibus.
Wani yaro ne ya tuƙo ta daga arewa,
buhunan albasa cif, ba a taɓa ko ɗaya ba,
gilashin gefen direba kaɗai ya zama tsakuwa.
Ba gawa. Ba waya.
Ba wanda ya kira ya ce a kawo kuɗi.

Masu zuwa gaisuwa sun rasa wadda za su yi mini.
"Ya haƙuri" ta gidan mutuwa ce,
"Allah ya bayyana" kuwa sai ka ce akuya ta ɓata.
Sai su zauna bakin tabarma, su dubi ƙasa.
Habsu maƙwabciyata ba ta cewa komai,
takan ajiye ƙwaryar hura, ta tafi sallarta,
na kuma san da sunan ɗana a bakinta.

Na je wurin jandarma sau shida,
sun rubuta sunansa sau shida.
Na ba wani mai cewa ya san hanya jika ashirin,
shi ma hanyar ta haɗiye shi.
Rediyo kowa da lissafinsa,
wannan ya ce goma, wancan ya ce ƙarya ne,
ni ɗaya tak nake nema.

Daren jiya da aka ɗauke wuta
Damaris ta laluba hannuna, ta ce,
"Kaka, Yesu yana barci ne?"
Na ce ba ya barci.
"To yana ganin Baba?" Na ce yana gani.
"To me ya hana shi faɗa mana?"
Na ja mata zane, na ce gobe akwai lakwal.

Ya Ubangiji, tambayar tana nan gabanka,
ban amsa ba, ba tawa ba ce.

A majami'a bakina ba ya buɗewa.
Ana addu'a, in an zo kan gafara
sai ta tsaya mini a wuya kamar ƙaya.
Wa zan gafarta wa? Ko fuskarsu ban sani ba.
Na dai san wata ce ta goya su,
wataƙila ita ma kunnenta yana bakin ƙofa.
Iyakar inda na kai ke nan. Ka karɓa haka.

Juma'a na sani: ƙusa, jini, rana ta yi baƙi.
Lahadi na sani, tun ina yarinya nake mata sabon kallabi.
Asabar ce ba wanda ya koya mini,
ranar da aka rufe dutse,
mata suka tanadi turare suka zauna da shi a cinya,
sama ta yi gum.
Maryamu, ke ma kin fi ni,
an nuna miki inda aka kwantar da naki.

Amma wanda suka rufe ɗin nan
ya san duhu ta ciki,
ya san ƙishi, ya san hannun mugu a kafaɗa,
ya san kiran da ba a amsa ba.
Duk ramin da aka kai Filibus
an riga shi shiga.
Abin da nake riƙe da shi ke nan,
ko shi yake riƙe da ni, ban tantance ba.

Albasar nan ba mu sayar ba.
A cikin zaure, ba ruwa, ba rana,
ta huda buhu da koren kai.
Na kwashi kaɗan na binne bayan ɗaki.

Kowace safiya kuma, kafin in ɗora tukunya,
nakan kira yaron ya tayar da motar,
ta yi ruri minti biyar,
don kada batir ya mutu.