Shafi Tara na Ƙarshe

Littafin ya zo shagona ba bango,
ba sunan wanda ya rubuta shi,
sai tabon manja a shafi na uku
da warin aljihun mutum goma.
Daga Mabera ya taso, ya kwana Runjin Sambo,
ya iso Rijiyar Ɗorowa wata Laraba
da rana ta hana ko ƙadangare fita.

An kashe wani dillalin fatu, in ji labarin,
ɗaki a kulle, makulli ta ciki,
fitila na ci, shayinsa bai huce ba.
Muka bi sawu har shafi ɗari biyu da sha biyu.
Mai bincike ya tara mutan gida,
ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki,
nan takarda ta ƙare.
Wani ya yage sauran.

Tun ranar, da la'asar benci ke cika.
Ige, in ta taso daga asibiti,
takan tsaya bakin ƙofa, jaka a kafaɗa:
"Guba ce. Ku koma kan farcen gawar,
ba a banza aka faɗi launinsa ba."
Mode mai gyaran waya ya kafe kan direba,
wai duk wanda ya cika gaisuwa a littafi
akwai abin da ya binne.
Junaidu na jami'a ya raina mu duka,
wai tsakiyar labarin ta kwanta
kamar Rima a ƙarshen rani.
Amma ko sau ɗaya bai yi fashi ba.

Sai Saje Ɗantani mai ritaya,
zaune kan buhun ƙyallaye, goro a kunci:
"Mi kuka sani, ɗiyan ga?
Shekara talatin da biyat niy yi cikin kaki,
ban ga wanda yak kashe rai
ya tsaya a nuna mai yatsa ba."
Yau yana bayan Ige, gobe bayan Mode,
jibi ya ce ƙanen mamacin ne, gata ya janye.
Da gardama ta fara toka,
shi ke tura mata itace.

Ran Asabar ya aiko min riga,
aljihun gefe ya ɓarke.
Na sa hannu in juya shi,
na ji takarda, ninki huɗu,
ta yi laushi kamar tsohuwar naira.
Lamba a ƙasa: ɗari biyu da sha uku.

Ƙafata ta tsaya a kan keke.

Na tuna gidansa a ƙarshen lungu,
shiru tun rasuwar Tumba bara,
yara duk sun yi kudu,
sai rediyo da buta da inuwar dogon yaro.
In an gano mai kisa, wa zai sake zuwa?
Benci ya koma na masu jiran ɗinki,
masu duba agogo suna tsaki.

Ba zan ɓoye muku ba,
idona ya faɗa kan suna guda
kafin in ninke.
Duk cikinmu ba wanda ya harbo.

Na mai da ita inda ta kwana,
na bi aljihun da zare biyu.

Da yamma ya zura rigar,
ya dafa gefe, ya daɗe yana dubana,
irin duban da ya yi wa ɓarayi da ƙuruciya.
"Kai Labbo, ba mu ji ta bakinka ba.
Wa kaka zato?"

Na lashi zare, na nemi kafar allura.
"Direban nan ne," na ce.

Ige ta sauke jaka ƙasa.
"Haba Labbo! Da hankalinka?
Mode, gusa in zauna.
Miƙo min littafin nan."