Ashirin da Tara

Ƙarfe biyu da kwata wayata ta yi kuka.
Ba mutum ba ne,
ɗakin sanyi ne ke neman ɗauki:
Layi na uku. Zafi ya kai ashirin da tara.
Jajayen haruffa, ba sallama, ba ban haƙuri.
Na'ura ba ta san dare ya raba ba.

Na laluɓi takalmi a duhu.
Dija ba ta runtsa ba,
tana bakin katifa, tsumma jiƙe a kwano,
bayan hannunta a goshin Manu
da ya kwana biyu yana ci kamar garwashi.
"Je ka," ta ce, ba ta ɗago ba.

Daga Bolari na tayar da babur.
Gombe ta kwanta, sai karnukan Jekadafari
da mai shayi guda yana kife kofuna.
Baba Kwairanga ya zare sakata yana hamma:
"Yau ma 'ya'yan naka na ƙarfe ne?"
Na ce su ne, Baba.

A ciki suna tsaye sahu-sahu,
baƙaƙen akwatuna masu korayen idanu,
suna guna kamar amya.
A cikinsu albashin wani malami a Kumo yake kwance,
da sunan maganin wata tsohuwa,
da sakamakon yarinyar Billiri
da ta sayar da kaji ta biya kuɗin jarrabawa.
In zafi ya ci su, ba mai jin ihu,
gobe kawai a ce wa mutane, "Babu sabis."

Waya ta sake: Danshi ƙarƙashin daɓe.
Na durƙusa, na ɗaga murfi,
ruwa ya kwanta dab da wayoyi
kamar maciji yana jiran ƙafa.
Na bi bututun da tocila har bayan gini,
gwiwa cikin taɓo,
sai ga mai laifin:
zanzaro ya yi ginin laka a bakin bututu,
ɗaki tsaf, har da ƙofa.
Kayan miliyoyi, ƙwaro guda ya shaƙe musu wuya.

Na tsokane da guntun waya.
Na ce masa ya yafe, shi ma iyali yake yi wa.
Ruwa ya ɓalle, injin sanyi ya yi tari, ya kama.

Na zauna gaban allo ina ƙirge kamar mai jan carbi.
Ashirin da takwas.
Da shida.
Ya tsaya a nan har na fara zargin kaina,
sannan da uku.
Ja ya koma kore.

A littafin aiki na rubuta lokaci, dalili, gyara,
na sa hannu.
Babu layin da zan rubuta
cewa ɗakin nan yana da kunnuwa goma sha biyu
masu jin zafi kafin ya zama zafi,
ɗana kuwa bayan hannun uwarsa kaɗai gare shi.

Ana kiran assalatu wayar ta sake motsi.
Gabana ya faɗi kafin in duba.
Ba ja, ba kore,
baƙin rubutu ne, har da kuskuren harafi:
"Ya yi gumi. Yana neman koko."

Na fito, sanyin ɗakin yana bin rigata.
Baba Kwairanga yana alwala.
A jikin bango, ɗan nesa da bututun,
zanzaron ya riga ya kawo lakar farko.