Sunan da ke Goshin Inji

Yau 'yan gwangwan suka zo Sabon Gari da sikeli,
suka yi wa injin Baba Nadabo kuɗi, kilo-kilo.
Kafin guduma ta tashi na ce a dakata mini.
Na jiƙa tsumma da kananzir, na goge goshinsa,
sunan ya fito: Heidelberg.

Mu yaran shago Haidalbag muke cewa,
mun zaci sunan Baturen da ya ƙera shi ne,
sai wata Laraba da aka ɗauke wuta,
Baba ya zauna kan ɗaurin takarda, ya cire tabarau,
ya ce, "Gari ne, ku shashashai.
Wata bakwai na yi a can ina koyon cikin ƙarfen nan."

Ya ce akwai kogi, Neka,
ya fi Kubanni ruwa, bai kai ta fushi ba.
A bakin gada an kafa hoton biri riƙe da madubi,
wai duk wanda ya zo yi masa dariya
ya fara duba nasa.

Ya ce bisa tudu akwai fada ta jan dutse, rabi a tsaye.
Faransawa suka cusa mata albarushi,
hasumiya ta tsage, ɓari ɗaya ya zame ya jingina
kamar dattijon da gyangyaɗi ya sace bayan Azahar,
shekara kusan ɗari uku bai farka ba.
Ba su ɗaga shi ba, ba su kwashe shi ba,
sharewa suke, suna karɓar kuɗin shiga.
"Mu kuwa tamu ganuwar," in ji shi,
"amalanke-amalanke ake ɗiba ana yaɓe kewaye."

Jami'arsu har kurkuku gare ta, na ɗalibai masu ƙiriniya.
Da baƙin kyandir suka rubuce bango har rufi,
suna, kwanan wata, zanen fuska.
Baba ya yi dariya har da tari:
"Shi ma ɗab'i ne, kwafi ɗaya."

Amma in ya zo kan littattafan, murya takan sauka.
Wani coci a tsakiyar kasuwa, benensa cike da rubutun hannu.
Yaƙi ya zo, aka ɗora su kan alfadarai,
aka haye duwatsu da su zuwa Rum.
"Shi ya sa nake buga dubu," ya ce, yana dafa injin.
"Alfadari nawa za a kawo?"

Sai kuma Inna Hilde, mai ɗakin haya.
Dankali safe, dankali dare, kabeji mai tsami.
Ya ba ta yajin da ya ƙunso a gwangwanin madara,
ta yi atishawa bakwai, ta miƙo hannu a ƙara.
Azumi ya same shi a can.
Ba ta san sahur ba, amma ƙarfe huɗu
yakan ji ƙwai biyu suna buga tukunya.
Ɗakin na ɗanta ne, da ya tafi yaƙi.
Takalmansa na nan a ƙarƙashin gado, a goge.

Baba bai koma ba. Shekara uku ke nan yana kwance a Tudun Wada.
Ni ko Lakwaja ban taɓa wucewa ba,
amma na san inda birin yake tsaye.

Katin biki, rasit, kalanda, takardun jarrabawa,
rabin Zariya ya bi ta haƙoran ƙarfen nan.
Na kwance allon sunan da sukuddireba,
suka rage mini kuɗin rabin kilo, ban yi ciniki ba.

Da La'asar na bi ta Ƙofar Doka, allon a aljihu,
na tsaya gaban guntun da ya saura na ganuwa.
Akuya a samansa, leda a gindinsa.
Na ari tsintsiya wurin mai ƙosai.
Ta ce, "Malam, biyan ka aka yi?"