Tsugune a Ƙofar Gida

Shekara goma sha tara na yi a tsugune,
ba gaban sarki ba, ba gaban malami ba,
bayan wani ƙato mai riƙe da kulki
wanda burinsa kada ƙwallo ta iso hannuna.

A Garwa aka fara, can bayan Rumde Ajiya,
inda awaki ke kiwo a kan layin da muka ja da toka.
Wani malaminmu ya dawo daga waje da ƙwallo biyu,
ya ce sunan wasan besbol.
Muka yi dariya. Washegari muka dawo.
Ya dube ni, gajere mai kaurin cinya,
ya ce, "Nomau, zauna nan, kai ne mai cafka."
Tun ranar ban miƙe ba.

Safar hannuna ta farko baduku ya ɗinka,
Malam Tukur na bakin kasuwa, da fatar bijimi,
ya cusa mata audugar da ke zubowa daga manyan motoci,
yana tambaya ko dambe zan yi da aljani.

Hamajoda ne mai jifa. Dogo, maganarsa tsada.
Ni ma da yatsu nake yi masa zance:
ɗaya tsakanin gwiwoyi, ya sako ta kamar aradu,
biyu, ta taho tana lanƙwasa
kamar Binuwai in ya doshi gada.
In ta yi kyau, sunansa ake kira.
In ta kuɓuce, kowa ya san nawa.

Jirgin ƙasa daga Gaundare, dare guda zuwa Yawunde,
daga nan takarda, sa hannu, hayin teku,
ƙaramar ƙungiya a garin da rana ke rowa.
Albashin bai kai labarinsa ba,
amma ya yi wa inna rufin kwano.
Sau ɗaya jarida ta buga hotona.
Inna ta juya shi, ta sake juyawa:
takunkumin ƙarfe, sulken ƙirji, ƙura.
Ta ce, "To, ina kake a ciki?"

Mutum takwas na ba filin baya, suna kallona,
ni kaɗai ke ganin filin duka.
Duk mai gudu gida yake nema,
ni kuwa aikina tsare ƙofa.
Na hana mutane da yawa isa gida
a shekarun da ni ma ban je nawa ba.

Yatsa uku sun karye, sun warke yadda suka ga dama.
Gwiwar hagu ta fara gunaguni, ta dama ta amsa mata.
Wata safiya na tarar da wani yaro
yana gwada takunkumina. Ya yi masa daidai.

Yanzu ina sayar da kayan babur kusa da tasha.
A kan kujera nake salla,
ni da na yi rabin rayuwata kusa da ƙasa.
Hamajoda ya riga mu. Ban je jana'iza ba, saƙo ya makara.

Jiya jikata Talatu ta wurgo mini goruba
ba gargaɗi, ina tsakiyar lissafin kuɗi.
Hannun hagu ya tashi da kansa, tas!
Na daɗe ina kallonsa.
Sai na sauke yatsu biyu tsakanin gwiwoyina,
ta tsaya tana dubana, ba ta gane ba.