Ƙarfen Cinyata

Wata ashirin da biyu ya yi a jikina,
daga ƙugu zuwa gwiwa,
baƙon da bai yi sallama ba,
tun ranar da tifa ta shafe ni a shataletalen Ɗangi
ta bar takalmina ɗaya a kwalbati.

Da likitan Dala ya zaro shi
na ce a wanke min, a naɗe a jarida.
Ya ce me za ka yi da shi?
Na ce wanda ya goye ni kusan shekara biyu
ba a jefa shi a bola.
Taitaniyom ne, in ji shi, ba ya tsatsa, ba ya nauyi.
Na ce to ya fi wasu dangin.

Ilu na Ƙofar Ruwa ya jujjuya shi,
ya ƙwanƙwasa a haƙorinsa na gaba,
ya ce wannan taurin kai gare shi,
sai ya cinye min bakin inji uku.
Huɗu ya ci.
Ya datse, ya rarake, ya gurza,
ya yi masa zanen kalangu a ƙugu
don kada gumi ya ƙwace min shi,
ya dasa masa ƙwai a goshi, bai kai ƙwayar dawa ba.

Sannan ya tambaye ni:
kana son wadda za ta lashi kan Goron Dutse daga nan?
Na ce Ilu, ni ba ɗan sintiri ba ne,
ba ɓarawo nake kora ba.
Duk faɗin duniyata taƙi ɗaya ne,
daga idona zuwa teburi.
Ba na son haske mai tsini
da zai soki wuri ɗaya ya bar saura a duhu.
Yi min wanda zai malale
kamar an zuba nono a faranti,
ko'ina daidai, gefe da tsakiya,
launin hantsi kafin ya yi zafi.

Yanzu in wuta ta ɗauke a kasuwar waya,
janaretan maƙwabta suka fara tari,
sai in murza ta, in cije ta a baki,
hannayena biyu su samu 'yanci.
Cikin waya gari ne.
Akwai lunguna, akwai magudanai sirara kamar gashin jariri,
akwai notin da in ya faɗi ƙasa sai dai addu'a.

Ran Laraba Baba Tabawa ta zo daga Ɗorayi
da waya a ƙulle a bakin mayafi.
Ta faɗa bokitin wanki, ta ce,
muryar Tanimu na ciki,
shi kuma bara aka kai shi makwanci.
Rumfa uku sun ce mata ta haƙura.

Na buɗe. Na shimfiɗa hasken.
Ba inda suka duba ba ne.
Can gefe, inda inuwa kan ɓoye wa fitila mai tsini,
ga wani kore-kore ya kama ƙafar dalma
kamar gansakuka a bakin rijiya.
Na kankare. Na ɗiga. Na hura.

Inna, ki rage min tuwo, ina hanya.

Sau biyar ta sa na maimaita.
Na ƙi kuɗinta, ta bar min goro ɗaya, fari.

Wani Alhaji ya taya tocilar dubu ɗari.
Na ce ba na sayar da ƙashina.

In hadari ya haɗo ta gabas
cinyar takan yi min tsami, tana cigiyar baƙonta.
Sai in ɗora tocilar a kai.
Ba ta daɗewa take ɗaukar ɗumin jikina,
kamar wanda ya dawo tsohuwar unguwarsu
bai tambayi kowa hanya ba.